Littattafan ramuwar gayya da farautar masu laifi: abin da masu karatu ke jayayya a kai a Maraɗi da Tsibiri

Daga cikin ƙagaggun labaran da ake karantawa a Maraɗi, Tsibirin Gobir da Jiratawa, kaɗan ne ke tada gardama kamar waɗanda aka gina a kan ramuwar gayya ko farautar mai laifi. In aka zalunci mutum a farkon littafi, shi kuma ya ɗau fansa a ƙarshensa, da wuya waɗanda suka karanta su tashi da baki ɗaya. Wani zai ce an yi daidai, wani ya ce an wuce gona da iri, wani kuma ya ce marubucin ya tausaya wa azzalumi fiye da kima. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce: wa ke da hakkin saka wa macuci, wanda aka cuta, ko hukuma, ko a bar wa Allah? Ga bayani a kan asalin waɗannan littattafai, hanyar da suke bi su iso nan, da ra'ayoyin da aka fi ji a kansu.

Irin labaran da ake magana a kai

Iri biyu ne, ko da yake sukan haɗu cikin littafi guda. Na farko shi ne labarin ramuwa: an ƙwace wa mutum mata, ko gado, ko an kashe masa uba, ko an kori mace daga ɗakinta ba da hakki ba, sai sauran labarin ya bi yadda za a rama. Na biyu shi ne labarin laifi da bincike, wanda masu karatun Faransanci ke kira polar: an yi kisa, fashi ko fasa-ƙwauri, ana bin sawu, mai karatu na ɗokin sanin wanda ya aikata da kuma ko zai shiga hannu. A na farko an san mai laifi tun da wuri, ana jiran ranar sakamako. A na biyu, gano shi ne aikin.

Asalinsu a rubutun Hausa

Ramuwa ta shigo ƙagaggen labarin Hausa tun daga tushensa. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu wadda ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Wannan na ƙarshe labarin fansa ne tsantsa. Wani attajiri, Malam Shaihu, ya yi amfani da dukiyarsa ya auri Zainab, budurwar Abubakar. Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, kuma asirin ya faɗa kan ɗan da Zainab ta haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama ajalin mahaifinsa. Yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya ɗauki nauyin faɗan manya. Shekaru fiye da 90 ke nan, kuma har yau wannan ce hujjar farko da masu ƙin ramuwa ke kawowa.

Labarin laifi irin na zamani ya fito fili a farkon shekarun 1980, kuma marubutan Katsina, maƙwabtanmu na kusa, su ne a gaba. Gasar da ma'aikatar al'adu ta tarayyar Najeriya ta shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1982, labarin attajirin da ya yi kuɗi da fasa-ƙwauri yana sayen ma'aikatan gwamnati. Duk wanda ya san hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba ya buƙatar a yi masa fassarar wannan jigo. A shekarar ce kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito, mai ba da labarin Mailoma, wanda bayan yaƙin basasar Najeriya ya kafa ƙungiyar ƴan ta'adda. Littafin ya yi suna saboda yawan kisa da zubar da jinin da ke cikinsa, abin da masu karatun Hausa ba su saba gani a rubuce ba a lokacin.

Akwai abin lura a sunayen. Jiki Magayi, Ƙarshen Alewa Ƙasa, Tura Ta Kai Bango (shi ma na Sulaiman Ibrahim Katsina), duk karin magana ne. Marubucin ya yanke hukunci tun daga bangon littafi, mai karatu kuma ya shiga da sanin cewa azzalumi ba zai gama lafiya ba. Abin da ya rage a gani shi ne ta hannun wa, kuma wa zai biya kuɗin sabulu.

Adabin kasuwar Kano da ramuwar mata

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a ƙananan maɗaba'u, kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. Manazarci Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da masu kare su, irin su Abdalla Uba Adamu. Marubutan sun kafa ƙungiyoyi, mafi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino, Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jagororinta. An fi sanin wannan adabi da soyayya, amma cikinsa akwai masu rubuta labaran ban tsoro da na ƴan fashi, irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej, da masu labaran yaƙi da jarumta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini.

Marubuta mata sun kawo wata irin ramuwa wadda ba ta buƙatar wuƙa. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire yarinya Abu daga makaranta, saurayinta ya ƙi ta don ba ta da ilimi, aka aurar da ita ga tsoho. Ta gudu, ta yi karatu, ta kama aiki, har wanda ya raina ta ya dawo yana nema. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, wanda ya fito a 1990, ɗan kasuwa Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da ƴaƴanta saboda amarya. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe ƴaƴanta, shi kuma gobara ta cinye masa kanti, amaryar ta ci amanarsa. An fassara littafin zuwa Ingilishi a 2012, wani kamfani na ƙasar Indiya ya buga shi. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maraɗi na sahun gaba, ba abin mamaki ba ne mata su karanta labarin Abu kamar na wata ƴar unguwarsu.

Abin da ya zo ta Faransanci

Mai karatu a Maraɗi yana da ƙofa ta biyu wadda takwaransa na Kano ba ya da ita. Waɗanda suka yi lakwal sun san Le Comte de Monte-Cristo na Alexandre Dumas, wanda aka fara bugawa a 1844: Edmond Dantès, matashin da abokai suka ƙulla wa sharri, ya yi shekara 14 a gidan kaso, ya tsere, ya samu dukiya, ya dawo ya bi maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya. Sun kuma san jerin SAS na Gérard de Villiers, littattafai 200 daga 1965 zuwa 2013, waɗanda wasunsu ke faruwa a yankinmu, kamar Putsch à Ouagadougou da Panique à Bamako. James Hadley Chase, marubucin Ingila, ya haɗa ɓangarorin iyaka biyu: ƴan Najeriya sun karanta shi da Ingilishi, ƴan Nijar da Faransanci. A baya-bayan nan an samu ƴan Afirka masu rubuta irin wannan labari, kamar Moussa Konaté na Mali, wanda ya rasu a 2013, mai labaran kwamishinan ƴan sanda Habib, da Abasse Ndione na Senegal.

Yadda littafi ke isowa da yadda ake karanta shi

Littattafan Hausa na biyo hanyar kaya ne: daga Kano zuwa Katsina, mai nisan kilomita 90 ko kusa da haka daga Maraɗi, sannan Jibiya, Ɗan Isa, har babbar kasuwa. Saboda haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa su, kamar rufewar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Sai dai yanzu salula ta rage dogaro da takarda. Marubuta da yawa na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, Facebook da Wattpad, wasu kuma na karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, a saukar a tura wa juna.

Ƙungiyar karatu irin ta Turai, mai rajista da ranar taro, ba ita ce hanyar da aka fi bi a nan ba. Akwai ɗalibai na lise da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu haɗuwa su tattauna littafi, amma galibin gardamar a fada ake yin ta, ana dafa shayi, ko a tsakar gida tsakanin matan aure da ƴan mata, ko a shagon tela da wurin kitso. Littafi ɗaya kan zaga hannu da yawa kafin ya dawo wa mai shi ba bango. Tun da manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, sau da yawa mutum ɗaya ke karantawa sauran na saurare, kuma mai saurare yana da bakin magana daidai da mai karantawa. Wanda ya yi karatunsa da Faransanci zalla yakan ɗan yi tuntuɓe a farko da haruffa irin su c da ƙ, da kuma Hausar Kano, amma littafi biyu ko uku sun isa ya saba.

Masu cewa a rama

Ra'ayi na farko shi ne na waɗanda ke son ganin azzalumi ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun wanda ya cuta. Karin maganarsu a shirye take: rama cuta ga macuci ibada ne. A ganinsu, a rayuwa ta zahiri mai kuɗi da mai hanya sukan sha, shari'a kan ɗau lokaci, talaka kan gaji ya bari. Littafi ne kaɗai wurin da za su ga an biya bashi cif. Irin waɗannan masu karatu suna jin haushin marubucin da ya ja su shafi ɗari uku, sannan a ƙarshe ya sa jarumi ya yafe. Su ne kuma ke jinjina wa Dantès saboda haƙurin shiri da ya yi, yana jiran lokaci, bai yi gaggawa ba.

Masu cewa a bar wa Allah

Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi wurin manya da masu karatun addini. Suna tunatar da cewa Musulunci ya halatta ƙisasi, amma ya buɗe ƙofar diyya da afuwa, ya kuma fifita yafewa, sannan malaman fiƙihu sun ɗora zartar da hukunci a hannun shugaba da alƙali, ba a hannun wanda ransa ya ɓaci ba. A wurinsu littafi mai kyau shi ne wanda sakayya ta zo ba tare da wanda aka zalunta ya ɓata hannunsa ba, kamar gobarar da ta ci kantin Alhaji Abdu alhali Rabi na can tana tuyarta. Sukan kawo Kyauta na Jiki Magayi su ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba kasafai take tsayawa kan wanda aka nufa ba.

Masu adawa da su na da amsa. Sukan ce gobara da haɗarin mota da ciwon ajali da marubuta ke saukar wa mugu a shafukan ƙarshe hanya ce mai sauƙi ta kauce wa tambaya, domin a zahiri azzalumai da yawa na mutuwa a kan katifarsu. Sukan ƙara da cewa irin wannan ƙarshe yana koya wa wanda aka zalunta, musamman mace, ya naɗe hannu ya jira.

Masu cewa a kai ƙara

Ra'ayi na uku ya fi fitowa daga ɗalibai, ma'aikata da masu karatun Faransanci. Abin da ke burge su a labaran Moussa Konaté shi ne akwai ma'aikacin hukuma mai gaskiya, wanda ke tattara shaida, yana tambayar mutane, yana mutunta dattawan gari, har ya kai ga mai laifi. Suna ƙorafin cewa a littattafan Hausa da yawa ɗan sanda ko dai maciyin hanci ne ko kuma ya iso bayan an gama komai, kotu kuma ba ta da wani tasiri. A ganinsu matashin da ya tashi da irin wannan karatu zai ɗauka cewa zuwa wurin jandarma ko alƙali ɓata lokaci ne. Na ɓangaren farko sukan mayar musu da cewa marubuci abin da ya gani yake rubutawa, in ana son ya canza sai hukuma ta fara canzawa.

Inda mata da maza ke rabuwa

Ƙarshen Alhaki Kuykuyo Ne misali ne da ake yawan komawa gare shi. Bayan Alhaji Abdu ya talauce, dangi da surukai sun matsa wa Rabi ta koma gidansa. Maza da dattawa da yawa na ganin haka ya dace, don a rufa asiri, kuma saboda ƴaƴa. Mata da yawa kuwa na ganin an sake zaluntar ta ne karo na biyu: ita ta sha wahalar, ita kuma aka ɗora wa jinyar wanda ya wulaƙanta ta. Wasu na cewa marubuciyar da gangan ta bar ƙarshen da ɗaci, don mai karatu ya ga yadda al'ada ke yi wa mace. Haka nan mata kan yi tir da yadda jerin SAS ke nuna mace tamkar kayan wasa, kamar yadda masu karatu maza da mata ke ƙorafin yadda yake nuna baƙar fata.

Abin da ake dubawa a wajen gwanintar marubuci

Ban da batun halacci, akwai ma'aunan da kusan kowa ya yarda da su. Zaluncin farko dole ya yi nauyin da zai ɗauki ramuwar. In an kashe mutum biyar saboda an hana jarumi budurwa, mai karatu zai juya wa jarumin baya. Ana son mugu mai wayo, domin kayar da wawa ba abin alfahari ba ne. Ana ƙin labarin da boka ko aljani ke warware kowane ƙulli, sai fa in tun farko an san labarin aljanu ne. Ana ƙin jan labari zuwa kashi huɗu ko biyar don a sayar, da kuma kwafar finafinan Indiya da na Amurka, inda za a ga ana tseren motoci da harbe-harben da ba su yi kama da garuruwanmu ba. A labarin bincike kuma, in mai karatu ya gano mai laifi tun a babi na biyu, ya gama da littafin.

Hukuma da iyaye

Tsoron tasirin waɗannan littattafai ya taɓa kai wa ga matakin hukuma a Kano. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona wasu littattafan Hausa da aka karɓe daga ɗalibai, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Marubuta sun yi tir da matakin. Abin da aka fi zargi a lokacin shi ne batsa da soyayya, amma iyaye a nan kan haɗa da labaran kisa da daba. Tun da karatun ya koma cikin salula, tacewar ta yi wuya, nauyin ya dawo kan iyaye da malamai su san abin da yaransu ke karantawa su kuma tattauna shi da su.

Dalilin da gardamar ke da nauyi a nan

Mutanen wannan yanki sun san ramuwa tun kafin littafi. Maraɗi da Tsibiri kansu garuruwa ne da sarakunan Katsina da na Gobir suka zauna bayan jihadi ya raba su da biranensu. An kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma hare-haren da sarakuna irin su Ɗan Baskore suka riƙa kaiwa kudu suna cikin tarihin da ake ba yara. A zamaninmu, abin da ya faru a Toda cikin Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya zama kisan ramuwa da ya ci rayuka fiye da 100, akasari mata da yara, bai gushe daga zukata ba. Daga 2019 kuma dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shigo gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, inda Tsibiri da Jiratawa suke, suna gudun rikicin da hari da ramuwar hari tsakanin ƴan bindiga da ƴan sa-kai suka rura.

Saboda haka in matashi a fada ya ce jarumin littafi ya yi daidai da ya ɗau makami, akwai yiwuwar na kusa da shi ya san gidan da aka sace wa mutum ko aka kore wa shanu. Wannan ne ya sa malaman makaranta da masu jagorantar tattaunawar littafi ke samun amfani in suka tsayar da masu karatu a kan tambayoyi takamaimai: wace hanya jarumin ya gwada kafin ya rama, ya je wurin mai gari ko alƙali, wa ya cutu a ramuwar ban da mai laifin, kuma me ya rage masa bayan ya gama.

Abin da masu karatu ke jira

Galibin labaran Hausa da ake karantawa a nan a Kano, Kaduna ko Abuja suke faruwa, da naira ake ciniki a cikinsu, kuma tsarin ƴan sanda da kotunan da suke nunawa na Najeriya ne. Masu karatu kan nuna sha'awar ganin labarin da ke faruwa a Maraɗi, da jandarma da kabu-kabu da jikkunan sefa, wanda zai taɓa rikicin gona, gado da fataucin kan iyaka yadda aka san su a nan. Ƙofofin sun fi da buɗuwa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, tana karɓar labarai daga ko'ina ake jin Hausa, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wanda zai rubuta irin wannan labari zai tarar da masu karatu da suka daɗe suna auna littattafan wasu, kuma da ma'aunin nan za su auna nasa.